Doyar Kuta Ba Ta San Kilo Ba

A duk sashen noma na kwalejin, Malam Ndatsu ne kaɗai ya nace sai ɗaliban aji biyu sun fita bincike da ƙafarsu. Sauran malamai suka ce neman suna ne, karatun allo ya isa. Shugaban sashe ya ba shi zango ɗaya: in abin ya yi kyau a ci gaba, in bai yi ba a soke. Tun daga ranar ko shayi shi kaɗai yake sha, kuma abin yana ci masa rai.

Aikin ba wuya. Rukuni goma, kowanne ya je garin Kuta ya tambayi manoma arba'in yawan doyar da ke ruɓe musu a ajiya. Shi da kansa ya rubuta tambayar: kilo nawa?

Bayan sati uku takardu ɗari huɗu suka dawo fes, ko lanƙwasa babu, kowane gurbi da kilonsa. Malam har da murmushi. Sai ga wata ɗaliba, Esta, ta shigo da nata a leda, guda goma sha bakwai, duk jar ƙasa.

"Sa, ku yi haƙuri. 'Yan rukuninmu sun ƙi haɗa nawa, wai zai ɓata musu aiki. Ni kaɗai na je. Mutanen ba su san kilo ba. Wani baba ya yi ta yi mini dariya, ya ce shi ƙwarya ya sani, doya ɗari ɗari. Shi na rubuta."

Malam Ndatsu ya duba takardunta. Ɗan manomi ne fa, ya tashi yana jin ana lissafin doya da ƙwarya, amma boko ya mantar da shi. To manoma ɗari huɗun nan da suka amsa da kilo, a wace Kuta suke?

Washegari ya tambayi aji, "Wace rana ce kasuwar Kuta?" Kowa ya sunkuyar da kai. Ashe a inuwar mangwaron bayan hostal aka yi noman, aka yi ajiyar, doyar ta ruɓe.

Ranar taron sashe, shugaban, da ya riga ya ji labari, ya ja shi gefe. "Ndatsu, kawo takardu masu yawan nan. Wa zai bincika? Su za su cece ka."

Gaskiya ya faɗa, su za su cece shi. Amma Malam ya bar tulin takardun, ya ɗauki ledar Esta ya ajiye a tebur, ya faɗi yadda aka yi. Ba wanda ya goyi bayansa. Wani ma har da cewa, "Ai mun faɗa." Cikin minti goma aka soke binciken daga kwas ɗin.

Ya dawo ofis, ya tarar da Esta a bakin ƙofa, ita ma ita kaɗai, don 'yan ajinsu sun daina yi mata magana.

"Sa, saura mutum ashirin da uku. In koma ranar Asabar?"

Bai gaya mata an soke binciken ba. Ya jawo sababbin takardu ashirin da uku, ya zauna yana soke kilo ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta ƙwarya.