Hayaƙin Ranar Suna

Shekara shida ke nan ƙamshi ya zame wa Suwaiba abokin gaba. Tun kakar da ta yi tana zuba wa wake maganin ƙwari fiya-fiya a rumbu, ko turare, ko sabulu, ko maganin sauro ta shaƙa, sai ƙirji ya toshe, kai ya sara, ta kwana biyu a kwance. Lokotoro a asibitin Maraɗi ya ce ciwo ne, maganinsa nisantar abin. Mutanen garinsu Dakoro kuwa, da yake sun fi lokotoro sani, suka ce iskoki ne.

Da 'yarta Haula ta haihu a Kornaka, Suwaiba ta aika wa Aisata, uwar mijin Haula, roƙo ɗaya: a bar mata ɗaki guda ba turare, a wanke yaron da sabulun salo. Ba ta son tuwo, ba ta son goro. Jikanta kawai take so ta riƙe.

Ranar suna ta sami ɗakin fes, sai ƙamshin ƙasa. Daɗi ya kama ta. Haula ta kunce zanen jaririn, Suwaiba ta miƙa hannu tana cewa, "Kawo mani angona in gani."

Sai ga Aisata da kasko, ta saki labule.

"Innar Haula, kada ki tsorata. Wanga ba turare ba na, magani na. Har garin Ajekoriya na aika aka amso maki."

Hayaƙi ya turnuƙe. Suwaiba ta soma tari, tana laluben ƙofa, mata biyu suka danne mata kafaɗa.

"Kun gani?" in ji Aisata. "Iskokin sun ji wuta, hita za su yi!"

Da ƙyar ta ƙwace, ta fita ta zube gindin itacen bedi tana neman numfashi. Takaici ya fi tarin ci mata rai. Da mugunta aka yi mata, da ta san bakin da za ta mayar. To wa za ta zaga, matar da ta yi ɗawainiya don tausayinta?

Can Haula ta fito da jaririn tana hawaye. Tun daga taku goma Suwaiba ta jiyo hayaƙin a zanensa, a gashinsa. Ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

"Tsaya nan, ɗiyata," ta ce. "Juyo mani da huskatai kawai."