Takardar Ban Haƙurin Hashimu

Ikilima ta ajiye biro ta dubi yayanta.

"Yaya Hashimu, kai ka bar bakin ruwan nan a buɗe?"

"Wallahi ba ni ba ne. Ranar ina Makoda wajen jana'iza, Manaja da kansa ya ba ni izini."

Ruwa ne ya ɓalle ya cinye eka huɗu na tumatir a gonar kamfanin da Hashimu ke gadi, can gefen Watari. Jiya Hashimu ya ɗebi dattawa uku suka je suka tuɓe takalma suka durƙusa a gaban Manaja. Manaja ya ce shi ba ya karɓar haƙurin baka, sai a rubuce, kuma da Turanci. Ko a kawo yau, ko aiki ya tafi. Shi ya sa Hashimu ya yi sammako wajen ƙanwarsa, malamar firamare.

Ta rubuta *I regret what happened*, ta fassara masa: ya yi baƙin cikin abin da ya faru.

"Haba, wannan ai girman kai ne!" Ya zaro 'yar takarda daga hularsa. "Ga wanda akawun kamfani ya ce a sa."

Ta karanta. *I apologise for my negligence.*

"Cewa ka yi sakacinka ne, Yaya. Kada ka sa hannu."

"Na ƙasa shi ke ba da haƙuri, da laifinsa ko babu. Haka muka taso. Zan tsaya musu da babba ne, ga 'ya'ya shida?"

Hashimu mutum ne mai sanyi, amma in ya kafe sai Allah. Ta rubuta, shi kuma ya dangwala yatsa.

Da hantsi ya isa ofis. Manajan da bai taɓa amsa masa gaisuwa ba, yau har kujera ya nuna masa. Bai karanta takardar ba, layi ɗaya ya nema da yatsa. Da ya samu sai ya miƙa wa wani baƙo mai kwat, lauyan kamfanin daga Kano.

"Ga wanda ya amsa laifin."

Hashimu ya sauka daga kujera ya durƙusa.

"Allah ya huci zuciyar Manaja. In koma bakin aiki?"

"Zauna tukuna," in ji lauyan, yana danna waya. "Yanzu 'yan sanda za su iso."