Kafin a Kunna Tanderu

Idan mutum ya hango alheri na tafe, amma bai san ko zai zauna ba, wanne ya fi: ya taso ɗan'uwansa daga inda ya samu ya raɓa, ko ya yi shiru ya bar shi da ɗan abin da ke hannunsa? Heluma ya juya tambayar nan har ta gaji da shi, bai ga gabanta ba.

Shi ne shugaban ma'aikata a masana'antar kwalabe da ke bayan layin dogo. Shekarar da kasuwar duniya ta karye, masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka kashe tanderu, aka sallami kowa sai shi kaɗai. Aikinsa ya koma zagaya injuna yana shafa musu giris, yana korar tantabarun da suka yi gida a cikin rufin. A zauren da a da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, yanzu idan ya ajiye kofin shayi sai ƙarar ta je bango ta dawo masa.

Masana'antar tana da wata ƙa'ida tun zamanin wanda ya kafa ta. Ba a sallamar mutum a rubuce. Heluma ne ke tsayawa a bakin ƙofa ya dubi idon mutum ya ce, "Wuta ta mutu, ka je gida." Ranar da aiki ya dawo kuwa, bakin da ya faɗi haka shi zai taka har inda mutum yake ya ce, "Wuta na kiranka." Ba waya, ba aike. An yi hakan ne don mutunci, amma abin da ya jawo wa Heluma shi ne unguwa ta riƙe fuskarsa a matsayin fuskar sallama. Idan ya doso majalisa sai hira ta lafa. Matarsa ta rasu tun kafin wannan, 'ya'ya sun watse neman abinci, ya saba cin tuwonsa shi da rediyo.

Rediyon ne ya fara cewa duniya ta soma farfaɗowa. Shi ɗin ne kuma, kafin ya rufe baki, zai ƙara da cewa man fetur na hawa, kuɗin dakon jirgin ruwa ya ninka, bankuna sun tsuke hannu, ana jan daga a wata ƙasa mai nisa. Heluma yakan dube shi ya ce, "Kai dai ka tsaya a magana ɗaya mana."

Ana nan sai Manaja ya dawo, ya rame, amma da fara'arsa.

"Heluma, an samu oda daga ƙetare. Za mu kunna."

"Ta tsawon wane lokaci, ranka ya daɗe?"

"Ta 'yan watanni. In sun ji daɗin kayan, su ƙara."

"In ba su ƙara ba fa?"

Manaja ya sosa ƙeya. "Su ma can wani suke jira ya saya a hannunsu. Kowa kallon na gabansa yake. Ka dai kirawo mutanenka."

Heluma ya san abin da hakan ke nufi. Tanderun narka gilashi ba murhun girki ba ne da za a hura da safe a kashe da yamma. In an kunna shi, a kunne yake zama shekara da shekaru. Kashewar farko ta riga ta tsattsaga bulon cikinsa, an lallaɓa an liƙe. In ya sake hucewa, sai dai a rushe. Kuma ga masana'antar takalma can tsallaken titi ta isa misali: an buɗe ta da murna, ba a jima ba aka sake garƙame ta da kwaɗo.

Duk da haka ya bi gida-gida ya kira mutane. Bai ji nauyin hakan ba, don yawancinsu zaman kashe wando suke, ba abin da za su rasa. Mutum ɗaya ya tsallake: Bahago, mai kula da wutar tanderu, mijin ƙanwarsa, wanda suka yi shekara da shekaru suna cin abincin rana a kwano ɗaya.

Bahago ne kaɗai ya tsayu da ƙafarsa bayan sallama. Ya samu ɗan gurbi a bakin tasha, ƙarƙashin wata rumfar kwano, yana gyaran risho da murhun gas. Ya sha rana kafin ya samu wurin, kuma kowa ya san yadda bakin tasha yake: ka ɗaga teburinka yau, gobe wani ya kafa nasa, ba kuma za ka sake ganin wurin ba. Abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, amma kullum ana ɗora tukunya a gidansa.

"Ina mai wutar?" in ji Manaja, da ya ga an hallara ba shi.

"Ba zan kira shi ba."

"Kun yi faɗa ne?"

"A'a. A nemo wani."

"Wa zan nemo? Kai ne ka sallame shi, kai za ka kira shi. Ni ban isa in karya wannan ba."

Heluma ya koma wajen girisinsa. Ranar da yamma ya bi ta tasha, ya tsaya bayan wata motar kaya yana hango Bahago ya duƙufa, yana zura lagwani da hannun hagu, wata mata na tsaye a kansa tana mita. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya gida ta doguwar hanya.

Washegari da hantsi, ranar hutu, ƙanwarsa ta yi sallama. Ta dubi ɗakin, kujera ɗaya, kofi ɗaya, rediyo a kan taga, ta girgiza kai.

"Yaya, ko gidan gizo-gizo ya fi nan yawan jama'a."

"Zauna mana, Auta."

"A ina? A kanka?" Ta share bakin gado ta zauna. "Ba zama ya kawo ni ba. Me ya yi maka?"

"Wa?"

"Ka san wa. An kira mai shara, an kira direba, har wancan mai barci a bakin aiki an kira. Shi yana zaune yana kallon hanya. Kullum sai ya goge takalmin aikinsa ya mayar ƙarƙashin gado, yana zaton ban gani ba. Jiya ya ce mini wataƙila ka ga ya tsufa ne."

Maganar ta soki Heluma. Ya ce, "Don ku nake yi. Aikin nan ba shi da tabbas. In ya bar rumfarsa aka sake rufewa, me za ku ci? Ni ne kuma zan sake tsayawa a ƙofa in dubi idonsa."

"To, ka gaya masa haka."

"In na gaya masa zai zo. Na san shi. Jin wuta kawai zai yi ya kwashe teburinsa."

"In ya zo, shi ya zo. In mun sha wuya, mu muka sha. Kai wa ya naɗa ka mai zaɓa mana?" Ta miƙe tana gyara mayafi. "Kana cewa don mu ne. Ni dai ina ga tsayuwar ƙofar nan kake tsoro, Yaya."

Bayan ta fita ya zauna yana auna maganarta. Gaskiya ce, amma ba duka ba. Tsoron ƙofar yana nan, tausayin ma yana nan, sun cuɗe har ba ya iya raba su. Kuma ko da Auta ta yi daidai a kansa, hakan bai sa odar ta ƙara ko kwana ɗaya ba. Rediyo na ta bayanin wani taron manyan ƙasashe da aka tashi ba a cimma komai ba. Ya kashe shi, ya sa takalmi.

Ya tarar da Bahago shi kaɗai, ya wargaza wani tsohon risho a kan tebur. Bahago ya ɗago, ya gan shi, ya mai da kai.

"A'a, manyan gari. Rishonka ne ya lalace, ko hanya ka ɓata?"

"Ka ji ni da kyau kafin ka ce komai," in ji Heluma. "Odar ta 'yan watanni ce. Manaja kansa bai san abin da zai biyo baya ba. Tanderun in ya sake mutuwa, shi ke nan. Wurin nan naka kuwa, in ka tashi ba za ka same shi ba. Ni da ni ne kai, ban san abin da zan yi ba."

"Duk wannan na sani. Ai ni ma ina da rediyo." Bahago ya ajiye filaya, ya goge hannu a tsumma a hankali, ya dubi teburinsa, ya dubi rumfar. "Wa'azi ka zo yi mini, surukina, ko akwai abin da ka zo faɗa?"

Motoci na ta hon, ɗan kamasho na kiran fasinja. Heluma ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya gyara tsayuwa kamar yadda ya yi a bakin ƙofa wancan karon, ya dubi idonsa.

"Bahago," ya ce, "wuta na kiranka."