Hanyar da Na'Allah Ya Zana

Da hukumar En'e ta ɗauki Na'Allah aikin yi wa shanu allura, zagayen rugagen Isa da Sabon Birni kwana ashirin yake ci. Ya zauna da tsinke yana zane a ƙasa yana sharewa, ko tuwo bai tuna ba. Ran kwana na uku ya gano hanyar kwana sha ɗaya. Baturen dabbobi ya sa hannu, ya ce kada a sake ta.

Shekara tara ke nan. A ƙauyen Turba wani makiyayi ya tambaye shi, "Malam, aikin ga naka da wuya?"

Na'Allah ya soka wa saniya allura. "Ya taɓa yi, kwana ukku. Yanzu jakina ya san hanya, bin shi kawai nike."