Wa Zai Riƙe Yaron

Tun daga bakin ƙofa Kaka ta ji ɗakin bai kwanta mata ba. Ƙofar ta fi duk ƙofofin asibitin kauri, an liƙa mata wata alama mai kama da fanka, a samanta kuma ga jan ƙwan fitila yana kamawa yana mutuwa. Ita dai a iya saninta, ba a yi wa wurin alheri irin wannan ƙofa.

Jikanta ne ya faɗo daga kan kujera, ɗan shekara uku, wanda take tsokana da Angona. Hannun hagu ya kumbura suntum, ko iska ta taɓa shi sai ya tsala ihu. Likita ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi kafin a san irin ɗaurin da za a yi. Uban yaron ya yi tafiya, shi ya sa ta rako surukarta, kuma tun a mota take hararar ta ta wutsiyar ido. Yarinyar ta koyi son jiki kwanan nan, yaro yana faɗuwa ita tana kwance a ɗaki.

Mai ɗaukar hoton mace ce, siririya, mai maganar sanyi. Kaka ba ta yarda da masu maganar sanyi ba. Ta bi ɗakin da kallo: gado mai tauri ba katifa, wani ƙaton inji rataye a samansa, can gefe kuma wata 'yar katanga mai tagar gilashi.

"Wancan lungun fa na mene ne?" ta tambaya.

"Nan nake tsayawa in zan danna, Iya."

"Au, ke ki ɓuya, shi ki bar shi a ƙarƙashin abin?"

Matar ta yi murmushi. "Hasken da injin ke fitarwa ido ba ya ganinsa. Wanda zai taɓa shi kaɗan ne, a hannu kawai, sau ɗaya. Ni kuwa wuni nake yi ina dannawa, kullum. In na tsaya a fili, taruwa zai yi ta yi a jikina."

Kaka ta taɓe baki. Bayanin ya yi santsi da yawa, da ji an saba faɗarsa.

Aka ɗora yaron a gadon, ya ce bai san zancen ba. Ya yi ta harbin iska yana neman dirowa. Mai hoton ta ce dole wani ya riƙe shi, don in ya motsa hoton zai lalace a sake, ita kuma ba ta son a haska shi sau biyu. Ta ciro wata riga mai nauyi daga jikin ƙugiya, ta ce ta dalma ce, mai riƙon ne zai saka. Uwar ta miƙa hannu za ta karɓa. Sai mai hoton ta ja ta gefe, ta raɗa mata wani abu a kunne.

Kaka ta kasa kunne, ba ta ji komai ba. Amma ta ga surukarta ta sunkuyar da kai, ta ɗan gyaɗa shi, ta janye hannunta daga rigar, ta soma ja da baya zuwa ƙofa. Yaron yana kiran "Mama, Mama," ita tana ƙara matsawa.

Kaka ta dubi surukarta, ta dubi mai hoton. To, ashe akwai abin da suka sani. Mai aikin za ta shige lungu, uwar za ta fice, a bar mata jika shi kaɗai da injin da kowa ke gudu.

"Me ta ce miki?"

"Ba komai, Inna. Ke dai ki riƙe shi, don Allah."

"Ba komai ne ya sa kike neman ƙofa? Ke kuma mai hoto, dube ni. Me abin nan yake yi wa mutum?"

"Iya, ki kwantar da hankalinki," in ji mai hoton. "Tambaya ce da muke yi wa kowace mace."

"Ni ba mace ba ce? Me ya sa ba ki yi mini ba?"

Mai hoton ta saci kallon surukar. Wannan kallon ya gama tabbatar wa Kaka da zarginta. Ta sunkuci yaron daga gadon, ya ƙwalla ƙara don ta fama hannun, hankalinta ya ƙara tashi.

"Ba za a yi ba. Gida za mu. Ni ban taɓa ganin uwar da ɗanta ke kiran ta tana gudu ba, sai yau. Jikinki ya fi nasa daraja ke nan?" in ji Kaka.

Surukar ta tare ƙofa. Idanunta sun cika taf.

"Inna, ciki ne da ni."

Ta sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Na baya biyu da suka zube, kowanne sai da na faɗa miki, kika yi murna, kika zo kina kuka. Wannan na ce ba zan faɗa ba sai ya zauna. Mai hoton ta ce mai ciki ba ta tsayawa kusa da injin. Wallahi ba gudun sa nake ba."

Kunya ta rufe Kaka tun daga kai har ƙafa. Ita da ta haifi bakwai, ta ga yarinya tana yawan kwanciya ta kira shi son jiki. Maganar da ta yaɓa mata kuwa ta riga ta fita, a gaban bare, ba ta dawowa.

Ta mayar da yaron kan gado a hankali. "Miƙo rigar," ta ce da mai hoton. Sannan ta juya ga surukarta. "Ke kuma fita. Ba bakin ƙofa ba, can ƙarshen baranda."

"Iya, bayan ƙofar ma ya isa."

"Ke kika ce. Ta tafi can."

Rigar ta danne mata kafaɗu kamar ta ɗauki buhun hatsi. Mai hoton ta saita wani ɗan haske daidai kan hannun, ta nuna mata inda za ta dafa, nesa da hasken, ta shige lungunta. Kaka ta kafa wa injin ido, har yanzu ba ta yarda da shi ba. "Tsaya cak, Angona, kar ka ba ni kunya gaban mutane." Injin ya yi ɗan ƙara, shi ke nan. Ƙashin tsagewa ya yi, in ji mai hoton, likita zai ɗaure.

A ƙarshen baranda surukar tana tsaye, ta share hawaye. Tana ganin su ta taho da sauri, ta miƙo hannu biyu za ta karɓi ɗanta. Kaka ta kauce, ta gyara shi a kafaɗarta, duk da bayanta na ciwo.

"Inna, ba ni shi, kin gaji."

"Ba za ki ɗauka ba. Yana da nauyi," in ji Kaka, ba ta iya kallon idonta ba. "Wuce gaba, ki taka a hankali."