Yaye a Soron Dikko

Tun kafin ya kashe motar aron da ta ɗauko su daga Gummi, Sufyanu ya fara nuna wa matarsa Lubabatu saman soron gidansu da yatsa, sai ka ce ba ta taɓa ganinsa ba. Duk shekara bayan Babbar Sallah sai sun zo ƙauyen nan na bayan Bukkuyum, kuma duk shekara sai ta sha labarin tun daga tushe: yadda kakan kakansa Dikko ya sa aka kwaɓa ƙasar ginin da makuba, yadda mahara suka gaji da zaman gindin katanga suka juya, yadda har 'yan makaranta kan zo kallon bakan gizon rufin zauren. Malamin firamare ne, in ya sami mai saurare ba ya sanin rana ta yi. Ita dai nata "to" ne.

Bana tafiyar ba ta kallo ce kaɗai ba. Lubabatu na goye da Mardiyya, 'yarsu ta fari, wadda za a bari wajen kakarta, Inna Hamsatu, mahaifiyar Sufyanu, don yaye. An riga an gama magana, an ɗaure 'yan kayanta a zane.

Ƙara ce ta tarbe su maimakon sallama. A tsakiyar zauren da Sufyanu ke alfahari da shi an girke injin niƙa, amma duwatsu ake zuba masa. Wani mutum ya fito daga cikin ƙurar, fari fat har gashin ido, sai da ya yi dariya suka gane Makau ne, ƙanin Sufyanu.

"Yaya, arziki ya iske mu har gida!" in ji shi da ƙarfi. "Zinari na cikin duwatsunga!"

"Cikin zauren Dikko, Makau? Dubi zanen bango yadda kunka maishe shi!"

Sufyanu ya ciro hankici ya shiga goge garkuwar kakan nasu da ke rataye, ransa a ɓace. Lubabatu ta ja mayafi ta rufe kan yarinyar, ta wuce ciki.

A tsakar gida mata na daka, su ma ba hatsi ba. Turamen da ake surfe da su ne aka cika da tsakuwa. Inna Hamsatu ta karɓe su da fara'a, ta kwance Mardiyya da hannunta tana tsokanarta, "Ƙawata ta zo ta cinye min hura." Amma ba ta daɗe da riƙe ta ba, ta dire ta, ta kau da kai.

An yi musu shimfiɗa a lambu, gindin itacen lemun tsami da ke kusa da tsohuwar rijiya, inda suke zama kowace shekara. Ganyen ya yi furfura da ƙurar dutse. Zaliha, matar Makau, ta kawo fura da nono da soyayyen naman Sallah, ta hure saman faifan kafin ta buɗe.

"Ina agwagin Inna?" Lubabatu ta tambaya. Bara har kora suka yi mata.

"Sun ƙare. Sai ki ga guda na tahiya, ta kama juyi, ta hwaɗi."

"Ina ɗiyarki hwa, Saudatu? Ban ji ɗuriyarta ba."

Zaliha ta nuna bakin ɗaki da haɓa. Yarinyar da bara ba a iya kama ta don gudu tana zaune jingine da bango, baki a sake. Lubabatu ta kira ta, ta tafa mata hannu. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

"Jijjiga ta kama ta bayan azumi," in ji Zaliha a hankali. "An ce iskokin soro na sunka husata da ƙarar inji. Muna ta hayaƙi."

Bayan azahar Sufyanu ya matsa sai sun hau saman soro, kamar yadda suka saba. Ya tsaya yana nuna mata dutsen da mahara suka ɓullo ta bayansa. Ita ba dutsen take kallo ba. Bayan katangar lambu maƙabartar garin take, kuma a gefen da ke kusa akwai sababbin kaburbura a jere, ƙasarsu ba ta ko dushe ba. Babu wanda ya kai tsawon taɓarya.

"Malam, dubi can."

Ya duba, ya yi salati. "Baƙon dauro na, ko zazzaɓi. Allah shi jiƙan su." Ya koma kan dutsensa.

Da suka sauko, ta hango Mardiyya zaune cikin garin dutsen da aka shanya, tana dumbuza tana kai wa baki, tana dariya. Agwagin Inna da Saudatu da ƙananan kaburburan nan suka faɗo wa Lubabatu a rai. Ba ta san sunan abin da take tsoro ba, amma tsoro take ji. Ga Inna zaune a kan tabarma, ga matan gida. Mace mai tarbiyya ba ta ɗaukar 'yar fari a gaban surukarta, ba ta kiran sunanta, ko faɗuwa ta yi sai ta yi kamar ba ta gani ba. A kan wannan kunyar aka yabi Lubabatu tun zuwanta gidan. Ta zauna ta sunkuyar da kai, tana murza bakin mayafi har yatsunta suka yi zafi.

La'asar ta yi, aka yi sallama. Inna ta ɗora Mardiyya a cinya, aka ajiye ƙullin kayanta a gefe. Lubabatu ta durƙusa ta yi ban kwana, ta bi bayan mijinta. Ta kai bakin zaure, ƙurar injin ta buso mata a fuska, ta ji ɗanɗanonta a harshe. Sai ta juya.

Ba gudu ta yi ba. Ta ratsa tsakar gida, ta durƙusa gaban Inna, ta miƙa hannu ta ɗauke yarinyar daga cinyarta. Taɓaren mata suka tsaya cak.

"Ke, Lubabatu!" in ji Sufyanu daga baya. "Gaban Inna? Kin yi hauka?"

"A gafarce ni, Inna," ta ce, idonta a ƙasa. "Ba ta isa yaye ba."

Kowa ya san ƙarya ce. Wata ta ja tsaki. Lubabatu ta goya 'yarta ta fice, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sufyanu ya biyo ta yana faɗa ƙasa-ƙasa, ya buga ƙofar mota.

Bai kai ga tayar da ita ba sai ga Inna ta fito ta zauren, ita da ba ta rakiya, tana ɗauke da Saudatu a kafaɗa. Ta zagayo gefen Lubabatu.

"Tun da sahe nike roƙon Allah shi ba ki rashin kunyarga," ta ce. "Ni bakina bai iya cewa ba ni riƙon jikata." Ta ɗora mata Saudatu a cinya, kusa da Mardiyya. "Ku tahi da wagga ma. Ku kai ta asibiti."

"Inna, Makau ya sani?" Sufyanu ya tambaya, duk faɗan ya zube.

"In ya kashe injin, ya ji."

Motar ta kama hanya. Sufyanu bai ko waiwayi soron ba. Lubabatu ta lulluɓe yaran biyu da mayafi ɗaya, suka yi lamo a jikinta. Ba su kai kwalta ba ta ji wata 'yar ƙafa ta fara karkarwa a kan cinyarta, a hankali, irin ta farkon jijjiga, ba ta tsayawa. Ta kama bakin mayafin, ta kasa ɗagawa ta ga ta wace ce.