Ƙananan Sifiku Daga Argungu

"Kai, a hankali mana! Ba buhun shinkafa ba ne," Mansur ya ce wa ɗan kabukabun da ke kwance igiya. Da kansa ya rungumo sifikar farko ya dire ta a ƙofar shagon gyaran rediyo, ya koma ya ɗauko ta biyu. Kowace ɗaya ta kai masa ƙugu. Tun daga tashar Birnin Kebbi yake fama da su har nan Argungu: direba ya yi ta mita, wata tsohuwa da ta shiga motar a Ambursa kuma ta yi masa fatan alheri, wai a zatonta akwatunan lefe ne.

Maigandi, mai shagon, ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa. Ya ɗago kai daga wata rediyo da ya farke wa ciki, ya dubi kayan, ya dubi mai kayan, sai ya kwashe da dariya.

"A'aha! Bawana, biki kaka yi ba ka gaya mini ba? Ko sabuwar gwamnatin taku ta ɗauke ka aikin sanƙira?"

"Musanya na zo yi. Ƙanana nake so."

"Ƙanana? Kai da ka hana maƙwabta barcin rana a Sakkwato? Mi ya faru?"

Mansur ya jawo benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Shi mai zanen taswira ne a ma'aikatar filaye. Ya daɗe yana aiki a Sakkwato, sai aka yanka Jihar Kebbi, aka ce kowa ya kama hanyar gida. Birnin Kebbi kuwa ta cika maƙil da ma'aikata, ɗakin haya ya zama abin nema da fitila. Dole ya bar matarsa Kausar da yara a can, shi ya dawo gidan mahaifinsa Malam Attahiru a Nassarawa, aka ba shi ɗakin da ke jikin rumfar tsohon. Aiki ya yi yawa, kullum sai ya taho da shi gida: sababbin unguwanni, sababbin hanyoyi, duk a kan takarda. Shi kuwa Allah ya yi shi da wata ɗabi'a, in babu kiɗa a kunnensa, ko layi ɗaya ba ya miƙe masa. Ga kewar iyali, ga ɗaki shiru. To, da an sallame la'asar sai ya zauna a tebur ya sa kaset.

Jiya ne yayansa Muhyiddeen, wanda ke karantar da ɗalibai a zauren gidan, ya tare shi a ƙofa. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa, abin da ya sa maganarsa ke da zafi ke nan.

"Mansur, nan gidan malamai ne. Ka san inda Malam ke zama yanzu? Ya bar gindin darbejiya, ya dawo da buzunsa ƙarƙashin tagarka. Kullum in ka kunna abin nan sai ya sunkuyar da kai, ko tazbi ba ya ja. Shekaranjiya na ga yana share ido da bakin rawani. Ka san ba zai yi maka magana ba, amma mai hankali ba ya jira sai an ce masa. Ko ka bar kiɗan, ko ka nemi inda za ka zauna da shi."

Maganar share idon nan ita ta hana Mansur cin tuwon dare. A ce shi ne ya sa tsohon da ya haife shi kuka, yana can yana kaɗa ƙafa bai sani ba! Wallahi ya ji kunya, ya kuma ji tsoro, don fushin uban da ba ya faɗa ya fi na mai faɗa nauyi.

Da ya gama ba da labarin, Maigandi ya daina dariya, amma na ɗan lokaci.

"To ka bar kiɗan mana."

"Na gwada da safen nan kafin in fito. Hanya ɗaya na ja, ta bi ta tsakiyar masallacin Juma'a."

"Subhanallahi! A'a, gara a nemo maka magani kafin ka rushe garin." Ya miƙe ya share tarkacen da ke kan teburinsa da hannu ɗaya. "Matso nan. Zauna kamar yadda kaka zama wurin zane. Waɗanga manyan naka ba na tebur ba ne, na fili ne. Kai da ke kusa ba ka jin daɗinsu, wanda ke bayan bango shi ka shan ƙugin. Ka kawo kaset?"

Mansur ya zaro shi daga aljihun gaba. Kaset ne na wani tsohon makaɗin masunta, an ɗauka a bakin gulbi, har ana jin hayaniyar mutane a bayansa. Maigandi ya duba, ya yi ɗan murmushi.

"Waƙar Gwaggo," ya ce, ya zura shi a rakoda.

Inna Sadatu, mahaifiyar Mansur, 'yar Argungu ce, ƙanwar baban Maigandi, jinin masunta masu homa da gora. Ta rasu damina uku da suka wuce.

Aka fara da wasu 'yan mitsi-mitsi da aka ciro daga tsohuwar tasi aka yi musu akwatin katako. Kalangu ya fito kamar ana buga gwangwanin madara. Mansur ya yamutsa fuska.

"Cire, cire. Wannan ai cin mutuncin makaɗi ne."

Aka kawo matsakaita, baƙaƙe masu sheƙi, irin waɗanda ido ke so. Sauti ya cika shagon, daɗi kamar me. Mansur har ya fara gyaɗa kai. Maigandi ya kama hannunsa ya ɗora a kan tebur.

"Ka ji?"

Katakon na rawa a ƙarƙashin tafinsa. Wani ƙaramin noti ya gangara ya faɗi ƙasa.

"Abin da ya girgiza tebur zai ratsa bango," in ji Maigandi. "In waɗanga ka ɗauka, gobe Muhyiddeen shina fitar maka da katifa waje."

Mansur ya janye hannunsa ba da son ransa ba. Sun yi masa, ba ƙarya.

Sai Maigandi ya shiga can ƙuryar shago, ya yi ta buruntu, ya fito da wasu guda biyu duk ƙura, ba su fi bulo girma ba, ɗaya ma gefenta a ƙwarzane. Ya hure su, ya goge da gefen riga.

"Waɗannan? Haba Maigandi, in cuta ce ka bari sai baƙo ya zo."

"Rufe baki ka buɗe kunne."

Ya ɗora kowace a kan gwangwanin fenti har suka zo daidai kunnen Mansur. Ya sa shi miƙa hannu, ya ajiye su inda yatsunsa suka tsaya, ɗaya dama ɗaya hagu, ya ɗan karkato fuskokinsu suna dubansa. Ya mayar da kaset baya, ya rage ƙara ƙasa sosai, har Mansur ya yi zaton ba abin da zai fito.

Kalangu ya shigo a hankali, ya koma gefe. Sai ga muryar tsohon makaɗin a tsakiyar tebur, kamar yana zaune a gabansa, har ana jin inda yake jan numfashi. 'Yan amshi suka karɓa daga baya. Kalmomin da Mansur ya daɗe yana ji a dunƙule suka warware ɗaya bayan ɗaya: mai kwalekwale ne ke roƙon ruwa ya kwanta, don akwai mai jiransa a ƙetare. Ya tuna Inna a tsakar gida da faifai, tana sheƙar shinkafa, bakinta a rufe, wannan karin na fita ta hancinta. Ya yi kewarta ƙwarai, ya kuma bar hawayen suka zubo, don ba kowa a shagon sai ɗan'uwa.

Maigandi ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba. Can ya ce, "Tashi ka tahi bakin ƙofa."

Mansur ya tashi. Kafin ya kai ƙofa waƙar ta koma raɗa. Da ya sa ƙafa waje, babu abin da yake ji sai mai tallan kifi da kukan injin niƙa.

"Su ke nan," ya ce.

"Awo. Amma ka sani na cuce ka, manyan nan gidan biki za su, su yi ta kawo mini abinci." Ya naɗe ƙananan a tsohuwar jarida, ya haɗa da ƙullin busasshen kifi. "Wanga na Malam ne, ba naka ba. Na san halin bayi."

Ya iso gida ana kiran la'asar. Bayan salla ya shige ɗaki, ya jera sifikun a kan littattafai kamar yadda aka nuna masa, ya auna da hannu, ya karkato su. Ta taga ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar Malam, ya ji an shimfiɗa buzu a ƙarƙashin rumfa, ya ji tsohon ya zauna da "Bismillahi". Ya danna rakoda, ya rage, ya ƙara ragewa, sannan ya lallaɓa ya kai kunnensa bakin taga. Tsit. Alhamdu lillahi! Ya dawo ya ɗauki fensir, layi ya miƙe sumul, ransa ya yi fari. Ga kiɗansa, ga mutuncin gida, ba wanda aka ɓata wa.

Waƙar farko ta ƙare, ta biyu ta yi nisa. Sai ya ji gyaran murya a waje. Bai kula ba. Aka sake.

"Mansuru."

Ya kashe rakoda da sauri, har fensir ya faɗi. Ya fita ya zagaya rumfar, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Na'am, Malam."

Malam Attahiru na jingine da bango, ƙafafunsa a miƙe, idanun nan da suka fara yin fari suna kallon tsakar gida.

"An ce Argungu ka tahi."

"E, Malam. Maigandi na gaishe ka. Ya aiko da kifi."

"Madalla. Allah shi yi albarka." Ya shafa gemu. "Babu wuta ne yau?"

"Akwai."

"To." Ya gyara zama. "Abin naka lalacewa ya yi?"

Mansur ya sunkuyar da kai. Ga ranar da yake gudu ta zo.

"Malam, ka gafarce ni. Ban san ina damunka ba sai jiya da Yaya ya gaya mini. Na kai manyan na musanya. In Allah ya yarda ba za ka ƙara jin komai ba."

"Wa ya ce ka dame ni?"

Mansur ya ɗago.

"Yaya ya ce ya ga kana..."

"Yayanka ya ga ido, bai tambayi mai idon ba." Malam ya jawo tazbinsa ya riƙe, bai ja ba. Muryarsa ta yi ƙasa, irin ta mai faɗin abin da bai saba faɗa ba. "Uwarku tun da ta shigo gidan ga ba ta taɓa buɗe baki da waƙa ba, don ganin girman karatu. Ni ban hana ta ba, ban kuma ce ta yi ba. Ina zaure ina ba da darasi, ina jiyo ta can wurin faifai, da hanci kawai. Har ta koma ga Mahaliccinta ban tambaye ta abin da waƙar ke cewa ba. Kunya ta hana." Ya numfasa. "Sai da ka zo da abin nan naka na san ashe tana da kalmomi. Kullum ina tsintar ɗaya-biyu, gangar tana danne sauran. Na kai inda mai jirgi ke magana da ruwa. Ban san ko ya haye ba."

Tausayin tsohon ya kama Mansur, tausayin Inna ya kama shi, har da na kansa, da ya kwashi kaya niƙi-niƙi zuwa Argungu don ya toshe wa ubansa ɗan abin da ya rage masa.

"Tashi ka koma ga aikinka," in ji Malam. "Magana ce ta kawo magana."

Ya tashi ya koma ɗaki. Ya tsaya yana duban sifikun nan biyu, a jere daidai kunnensa, an auna an karkata. Sai ya ɗauki ta dama, ya warware wayarta, ya ja tebur ya matso da rakoda. Wayar ta kai da ƙyar. Ya ɗora ta a bakin taga, ya juya fuskarta waje, ya sunkuyar da ita kaɗan, saitin rawanin da yake hangowa a ƙasa. Ya mayar da kaset farko, ya danna.

Kalangu ya shigo, ya koma gefe. Muryar makaɗin ta fito tar. A waje babu motsi. Mansur na tsaye a jikin bango, bai ko iya zama ba, yana jira ya ji ko za a ce ya kashe.

Daga zaure ana jiyo Muhyiddeen yana biya wa ɗalibai karatu. Rawanin ya ɗan matso kusa da taga.

"Mansuru," Malam ya ce a hankali.

"Na'am."

"Ina ji sarai. Rage kaɗan, kada yayanka shi ji."